Jini Ɗaya, Shari'a Uku

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan ƙanena Isuhu da kuka tashi a hannuna, na san abin da kuka girma kuna ji a Kusasu. An ce na je Kaduna na tsaya gaban alƙali na wanke ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe ɗan'uwana. Wasu sun ce tsoro ne ya kama ni, wasu sun ce an toshe mini baki. Ban taɓa tsayawa na ba kowa amsa ba, domin a lokacin ciwon ɗanye ne, duk abin da na faɗa sai ya zama sabuwar rigima a cikin gida. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara gajiya, mafi yawan waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta muku yadda al'amarin ya gudana tun daga farko, ku auna shi da hankalinku.

A wancan lokaci ni malamin gona ne a ƙaramar hukuma. Aikina yawo ƙauye-ƙauye, in duba gonaki, in nuna wa mutane yadda ake zuba takin zamani ba tare da ya ƙone shuka ba, da irin da ya dace da jigawa da wanda ya dace da fadama. Isuhu kuwa manomi ne, yana taɓa sayen hatsi idan kaka ta yi. Mu biyu Inna ta haifa maza. Ni mai shiru ne, shi kuma in ya dawo gida tun daga zaure ake jin muryarsa, yana tsokanar yara, yana tambayar abin da aka dafa. Ba ya iya ganin mutum ya wuce bai kira sunansa ba. Wanda ya taɓa yi masa ƙodago sau ɗaya, ko bayan shekaru ne, zai tuna sunansa har da na ubansa.

Ƙarshen damina ce, masara ta fara bushewa, sai mutanen Gayam suka aiko cewa wata tsutsa ta shiga dawarsu. Babur ɗin ofis ya lalace, Isuhu ya ce in hau nasa ya kai ni, dama akwai wanda yake son gani a can. Daji ya fara ɓaci a lokacin, amma bai kai yadda kuka san shi ba. Ana jin labarin tare hanya, a ce Allah ya kiyaye, a ci gaba da tafiya. Mun taso daga Gayam bayan la'asar da sauran rana. A wata gangara inda hanya take matsewa kafin rafi, muka tarar an gitta icce. Mutum biyu suka fito da bindigogi, fuskokinsu a buɗe. Na uku bai fito ba, yana tsaye can cikin itatuwa, ya naɗe kansa da fuskarsa da rawani.

"Ku sauka ku kwanta," in ji ɗayansu.

Na sauka na kwanta rub da ciki. Isuhu ya kafe babur, ya tsaya yana kallon na hagun.

"Ɗanjuma, kai ne? Ɗan gidan Tanko?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Yadda zai gaishe shi a kasuwa, haka ya faɗe ta. Na ji ƙarar bindiga. Da na ɗago kai, ƙanena yana ƙasa, su biyun suna gardama a kansa cikin raɗa, kowanne da bindiga a hannu. Na tabbata ni ne na gaba. Sai ga kukan shanu daga ƙetaren rafi, wani makiyayi mai suna Buba ya gangaro da garkensa shan ruwa. Suka haye babur su uku suka shige daji. Buba ne ya taimake ni muka ja Isuhu gindin wata ɗorawa, shi ya cire mayafinsa ya rufe shi, shi ya bar shanunsa ya ruga ya kira mutane.

Bayan girbi aka sami babur ɗin a Tsohon Birnin Gwari, a rumfar wani bakanike mai suna Sale, an sake masa fenti. Na san Sale, ya sha gyara mini babur ɗin ofis, har da na Isuhu. Ya ce Ɗanjuma ne ya kawo masa. Aka kama Ɗanjuma, ya ambaci abokinsa Iro, ya ce shi ne ya yi harbin, ya kuma ce na ukunsu Sale ne. Aka kwashe su aka kai Kaduna, aka tuhume su da fashi da makami da kisan kai, laifin da hukuncinsa kisa ne. Ranar zaman farko a kotu an jera su uku a akwatin da ake tsayar da waɗanda ake tuhuma. Na dube su na ce wa Kawu Bawa, ƙanen Inna, wanda ya raka ni, "Ga su nan su ukun." Haka na faɗa, kuma haka na ji a raina. Na ɗauka zan faɗi abin da na gani sau ɗaya in koma gona. Sai lauyoyinsu suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna turanci, aka yi ta ja-in-ja, alƙali ya yi rubutu mai tsawo, aka tashi. A waje lauyar gwamnati, wata mace mai natsuwa da ke gabatar da ƙarar, ta ja ni gefe ta yi mini bayani.

"Malam, an raba shari'ar gida uku. Ɗanjuma ya ce Iro ne ya harba, Iro ya ce Ɗanjuma ne. Kowannensu tsirarsa ita ce ya tura ɗan'uwansa. Shi kuma Sale, ba abin da ya kai shi bakin rafin nan sai maganar Ɗanjuma da babur. A doka, abin da wanda ake tuhuma ya faɗa wa 'yan sanda a kan abokin tuhumarsa ba hujja ba ne a kan wancan. Amma lauyoyinsu sun ce alƙali mutum ne, abin da ya shiga kunnensa ya shiga. Kuma hukuncin da muke nema ba irin wanda ake gyarawa daga baya ba ne."

"To ni fa?" na tambaye ta.

"Kai za ka ba da shaida sau uku. Kai da likita da ɗan sandan da ya yi bincike da makiyayin nan. Na yi jayayya iya ƙarfina, ban yi nasara ba."

Na ɗauke shi a matsayin wayon lauyoyi, na dawo gida da ɓacin rai. Sau ukun nan kuwa a baki ne kawai yake uku. Kowace shari'a tana da nata ɗage-ɗagen, yau lauya yana wata kotu, gobe tafinta ba shi da lafiya, jibi an tafi hutu. Kun san hanyar Kaduna. A shekarun nan ba a binta sai cikin ayari, motoci su taru a bakin gari tun safe a jira masu rakiya, a tafi kowa bakinsa da addu'a, in an wuce wurin da aka taɓa tare mutane sai mota ta yi tsit. Matata Hajara takan tsaya a ƙofar gida har motar da za ta kai ni tasha ta ɓace. Tun tana tambayata yaushe za a gama har ta daina.

Da farko na ɗauka wahalar tawa ce ni kaɗai, a hankali na gane gari guda ne yake biya. Duk ranar da za a zauna, sajan ɗin da ya yi bincike zai ɗauki motar ofishinsu da mutanensa su kai bindiga da sauran kayan shaida, a bar ƙauyuka da wanda ya rage a kan benci. 'Yan fashin daji ma sun san ranakun. Ni kuma manoma suna jira in zo in duba musu, sai a ce Malam yana Kaduna. Akwai damina guda da lokacin zuba taki ya wuce ban leƙa rabin ƙauyukana ba, kuma albashina yana tafiya. Buba, wanda ba shi da laifin komai sai na gangarowa rafi a wannan lokaci, yakan bar shanu a hannun tsohon ubansa. Wata tafiya suka kufce suka shiga gonar wani, rigima ta kusa zama ta jini, sai da mai gari ya zauna a kai. A Kaduna kuma, duk ranar da tamu ta ci wuni, akwai wasu samari da ake saukewa daga motar gidan yari da safe, a zaunar da su a rana, a mayar da su da yamma ba a kira sunansu ba. Wata dattijuwa da nake yawan gani a harabar ta taɓa tambayata, ba da fushi ba, "Baba, yau ma taku ce?" Ɗanta yana jiran a saurare shi a kan abin da bai kai namu ba ko kusa.

Shari'ar Ɗanjuma ta ƙare, aka yanke masa hukuncin kisa. Shekarar da nake son ku riƙe ita ce wadda ta biyo baya, shekarar Iro da Sale. A cikinta aka sake kiran likita ya zo ya bayyana raunin da ya kashe Isuhu, muka tafi mota ɗaya. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma a lokacin shi kaɗai ne mai iya tiyata a asibitin da muke zuwa. Muka zauna a benci tun safe. Wajen azahar aka ce motar gidan yari ba ta iso da Iro ba, an ɗage. Ba a bin hanyarmu da yamma, dole muka kwana. Washegari da na iso gida na ga mata suna shiga suna fita a gidan maƙwabcina Garba. Matarsa Larai ta yi doguwar naƙuda, an kai ta asibiti, ungozomomi sun yi iya ƙoƙarinsu. An sami uwa, ɗan bai zo da rai ba. Na sami Garba zaune a dakalin ƙofar gida na yi masa gaisuwa.

"Allah ya sa mai ceto ne, Garba. Allah ya ba Larai lafiya."

"Amin, Malam. Haka Allah ya rubuta." Sannan ya ce, "An ce likitan yana tare da ku. An dai yi shari'ar ko?"

"An ɗage."

Ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa.

"Abin da zai faɗa ɗin, ba shi ne ya faɗa bara ba?"

"Shi ne."

Har ya rasu bai sake tayar mini da maganar ba. Ban san ko da likita yana nan yaron zai rayu ba. Shi kansa likitan da na tambaye shi daga baya cewa ya yi Allah ne masani. Amma daga ranar nan na tsani rabon shari'ar nan. Na riƙa cewa a raina, an ɗauki gari guda an ɗora masa kaya don a lallaɓa mutum uku da ba su lallaɓa kowa ba.

Sai dai akwai wani abu da yake faruwa da ni wanda ban faɗa wa kowa ba. Maimaita labari yana da wani hali. In ka faɗe shi sau ɗaya, zuciya ce take magana. In aka sa ka ka sake, aka tsayar da kai a kan kowace kalma, aka ce bara ka ce kaza yanzu ka ce kaza, sai ka fara rarrabe abin da idonka ya gani da abin da ka cika da kanka. A shari'ar Iro lauyansa ya tambaye ni kamannin na ukun, don ya nuna hankalina ba ya jikina a ranar. Na ce ya naɗe fuska. Ya ce to da me zan gane cewa Sale ne. Tambayar ba ta amfani Iro da komai ba, shi ma hukuncin kisa aka yanke masa, domin shi na gan shi ido da ido. Amma ta biyo ni gida. Ina kan babur, ina cikin gona, ina sallah, sai in koma bakin rafin nan in duba cikin itatuwa. Rawani nake gani da bakin bindiga. Fuskar Sale da nake gani a ciki, na gane ba daga daji na ɗauko ta ba. Daga akwatin nan na ɗauko ta, ranar da aka jera su uku.

Da sammacin shari'ar Sale ya iso, na gaya wa Hajara abin da ke raina, magana kuwa ta zaga gida. Buba ya riga ya tashi da garkensa zuwa kudu, ba wanda ya san inda za a same shi, saboda haka ni kaɗai na rage wanda ya ga wurin. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka haɗu a tsakar gida. Inna tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Kawu Bawa ya zo. Rabi, matar Isuhu, wadda ta ci gaba da zama da mu bayan ta gama takaba, ta fito daga ɗakinta da goyo, ta durƙusa nesa kaɗan. Mace ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba sai ranar.

"Yaya, an ce kana cewa ba ka gan shi ba."

"Fuskarsa ce ban gani ba, Rabi."

"Mutum uku ka gani, mutum uku aka kama. Babur ɗin uban yaran nan a rumfarsa aka same shi, da hannunsa ya sake masa fenti. Shi ya sha gyara babur ɗin nan, zai ce bai gane shi ba? Me kuma ya rage?"

Kawu ya gyara zama ya ce,

"Ai ba ƙarya za ka yi ba. Tsawonsa ne, jikinsa ne, abokin tafiyarsa ya ambace shi. Ka ce shi ne, alƙali ya ƙarasa sauran. Ka duba wahalar da aka sha, ka duba abin da ya sami Garba. A ce duk wannan a sake shi? In kuwa aka sake shi nan zai dawo, ya san gidan nan, ya san hanyar gonarka."

Hajara ta yi magana daga bakin madafa, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ko ka ce ba ka da lafiya ne? Kada ka je. Ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba."

Maganarta ce ta fi ja na, domin ita ce mafi sauƙi. Amma na ga samarin nan da ake saukewa a mayar, na san abin da rashin zuwana yake nufi: a yi ta ɗagewa, a yi ta kwasar likita da 'yan sanda a kan hanya, Sale ya tsufa a ciki ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Na juya wajen Inna. Ita ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari.

"Inna, ba ki ce komai ba."

Ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba.

"Ni ba na wurin," ta ce. "Kai kake wurin. Abin da ka gani shi za a tambaye ka, a Kaduna da inda ya fi Kaduna."

Rabi ta miƙe ta shige ɗaki.

Ranar da na shiga kotu, Sale yana tsaye shi kaɗai a akwatin. Ya rame, gashinsa ya fara fari, hannuwan nan da na saba gani baƙi ƙirin da man inji sun yi fes. Ba Ɗanjuma a damansa, ba Iro a hagunsa. Na dube shi da kyau, na nemi mutumin cikin itatuwa a jikinsa, ban same shi ba, ban kuma rasa shi ba. Na riga na gaya wa lauyar gwamnati abin da zan faɗa, duk da haka ta yi tambayarta yadda aikinta ya ce.

"Malam, dubi wanda yake tsaye can. Ka san shi?"

"Na san shi. Sale ne, bakanike."

"Ka gan shi a bakin rafi ranar da aka kashe ƙanenka?"

"Ya mai shari'a, na ga mutum na uku a cikin itatuwa, ya naɗe fuskarsa. Tsawonsa zai yi na Sale. Zai kuma yi nawa, zai yi na tafintan nan. Ban ga fuskarsa ba, ban ji muryarsa ba. Ba zan ce shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne."

Tafinta ya juya maganar, alƙali ya rubuta. Ba a daɗe da ni ba. A waje lauyar ta ce mini, "Allah ya kai ka gida lafiya, Malam. Ba za mu sake kiranka ba." Kawu bai yi mini magana ba har muka iso Birnin Gwari. Daga baya aka ɗauko Ɗanjuma daga gidan yari ya ba da shaida a kan Sale, ya faɗi magana biyu masu karo da juna. Alƙali ya wanke Sale daga kisa da fashi, ya kama shi da laifin karɓar kayan sata, zaman da ya riga ya yi kuwa ya zarce hukuncin, aka sake shi.

Ba a yi wata ba Rabi ta nemi izini ta koma gidan iyayenta a Gayam da ƙaramarku, ta bar mini ku maza 'ya'yan Isuhu. Ta yi wani auren, kun sani. In mun haɗu a biki ko rasuwa takan durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ba ta ƙarawa. Ina roƙonku kada ɗayanku ya riƙe ta da wannan. An kashe mata miji da rana tsaka, aka ce ta jira shari'a, ta jira, sannan wan mijin ya je ya ce bai gani ba. Da ni ne ita, ban san abin da zan yi ba. A gari kuma akwai waɗanda suka daina kirana duba gona. Ɗanjuma da Iro, iyakar sanina, suna nan a gidan yari har yau, ba a zartar ba, ba a sake su ba, hukuma tana ciyar da su, su ma suna tsufa kamar yadda nake tsufa.

Na yi shekaru ina juya al'amarin nan. Da an haɗa su shari'a ɗaya, da likita sau ɗaya zai tafi, da Buba bai bar ƙasar nan da ɓacin rai ba, da ɗan dattijuwar nan ya sami ranarsa da wuri, wataƙila da Garba yana da ɗa namiji da zai gaje shi. Wannan duk gaskiya ne, kuma waɗanda suka yanke shawarar rabawa ba su ga ko ɗaya daga ciki ba, domin ba su taɓa bin hanyarmu ba. Ina ganin akwai abin da za a iya sauƙaƙawa. Bayanin likita a kan rauni ba ya canzawa daga wannan shari'a zuwa waccan, ban ga dalilin da zai sa a raba shi da marasa lafiya don ya maimaita ba. Amma na san wani abu a kan kaina wanda ba zan ɓoye muku ba. Da an tambaye ni a ranar farko, su uku a jere, jinin ƙanena bai bushe a idona ba, da na nuna Sale na rantse, kuma da zuciya ɗaya zan rantse. Rabon da na tsana shi ne ya ba ni lokacin da na gane iyakar abin da na gani. Wanda ya biya kuɗin wannan lokaci ba ni ba ne ni kaɗai, kuma ba a nemi yardarsa ba. Ban iya ɗora ɗan Garba a hannu ɗaya da wuyan Sale a ɗaya hannun in ce ga wanda ya fi nauyi ba. In wani a cikinku ya yi karatun shari'a, ina so ya san duka biyun suna nan.

Da ruwa ya sauka a shekarar da ta biyo, wata safiya ina shirin fita gona aka yi sallama a zaure. Sale ne, tare da wani dattijo daga Tsohon Birnin Gwari. Rumfarsa ta riga ta zama ta wani, ya ce zai bar ƙasar ya nemi aiki a wani gari, amma yana so ya gaida Inna kafin ya tafi. Na shiga na gaya mata. Ta gyara lulluɓinta ta ce ya shigo. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa nesa da tabarmarta.

"Inna, gaisuwar Isuhu na zo yi. Ban zo a kan lokaci ba. Babur ɗinsa ya shiga hannuna, na san ba ta hanyar halak ya zo ba, na karɓa. Wannan na yi shi. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri."

Na san a raina cewa kafin a kama shi yana da lokacin zuwa, bai zo ba. Ban faɗa ba. Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Amin. An gode," ta ce. Can kuma ta ce, "Kai ba ɗan Tasalla mai daddawa ba ne? Tana nan?"

"Ta rasu, Inna. Ina ciki. Sai bayan an yi arba'in aka gaya mini."

"Ashe kai ma ba a yi maka gaisuwa ba."

Ta ɗaga hannu ta yi wa Tasalla addu'a mai tsawo, ta ambaci kirkinta a kasuwa, ta roƙa mata rahama. Muka shafa. Dattijon ne ya yi godiya a madadin Sale, suka fita. Ban sake ganinsa ba.

Da na dawo daga raka su na tsaya a kanta na ce, "Inna, kin yarda da shi ke nan?"

"Ban sani ba," ta ce. "Kai ma ba ka sani ba. Uwarsa dai na sani."